Yadda Ake Zagayen Kallon Zanen Bango a Katsina da Daura

Mutum zai iya yin shekara da shekaru yana wucewa ta Ƙofar Soro a kan mashin, amma a tsayar da shi a ce ya faɗi irin adon da ke jikin ƙofar fada, sai ya hau kame-kame. Ba wai bai iya kallo ba ne. Zanen bango ba ya ganuwa ga mai sauri, kuma ba ya ganuwa da tsakar rana. Sai an sauka an taka da ƙafa, an zaɓi lokaci, an kuma iya sallama a ƙofar gidan mutane, domin mafi kyawunsa ba a bakin titi yake ba, yana can cikin lungu, a goshin zauren wani dattijo. Ga yadda ake shirya wannan yawo daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: ka san abin da ka fito nema

In ba ka rarrabe su tun a gida ba, komai zai cakuɗe maka ka dawo da hotunan da ba su da kai ba su da gindi. Abin da ke jikin bangayen garuruwan nan biyu ya kasu kashi huɗu, kuma kowanne da masu yinsa.

Babba a cikinsu shi ne aikin magina. Wannan ado ne da ake yi wa fuskar soro, musamman kewayen ƙofar zaure da taga da saman bango inda zankwaye suke. Hanya mafi tsufa ita ce magini ya yi yaɓe da ƙasar da aka cuɗa ta ruɓa sosai, tun tana ɗanya ya bi ta da hannu yana tayar da zane, ya fito tudu-tudu a jikin bangon. In ya bushe sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce ke ba tsohon bango launin nan ja mai duhu, ta kuma hana ruwa cin sa. Masu hali kan yi laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Da siminti ya shigo sai salon ya sauya: a shafe bango da shi, tun bai kama ba a bi shi da wuƙa ko bakin cokalin gini ana yanka zanen, daga baya a cike gurabun da fenti kala-kala. Na baya-bayan nan kuma ba tudu ba yanka, bango ne sumul aka zana masa ado da buroshi. Kana iya samun duka ukun a layi ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Zanen da za ka fi cin karo da shi shi ne dagi, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna. Kada ka ɗauka guda ɗaya ne. Akwai mai kai huɗu, akwai wanda aka yi ta sarƙa shi har ya zama doguwar igiya ta kewaye ƙofa. Kuma in ka lura, hannu ɗaya ne da abin da ke wuyan babbar riga, da aikin dukawa a jikin fata, da zayyanar da alaramma ke yi wa allon mai sauka. Bayan dagi akwai takobi, da wata da tauraro, da allo. Gidajen da aka yi wa ado daga zamanin Turawa zuwa bayan samun 'yancin kai kuma za ka ga agogo, ko keke, ko mota, ko jirgin sama. Mai gidan ne yake faɗa wa duniya abin da Allah ya hore masa, ko cewa ya sauke farali.

Kashi na biyu aikin masu fenti ne na kasuwa: kawunan da aka jera a bangon shagon aski kowanne da irin askinsa, kofi mai tururi a rumfar mai shayi, kaza da kifi a shagon kayan sanyi, keken ɗinki a ƙofar tela. A nan ma zanen bayan manyan motoci yake. Na uku shi ne wanda hukuma ko makaranta ko ƙungiya ta sa a yi: baƙaƙen boko da na Larabci da taswirar Najeriya a katangar makarantun kuɗi, hoton uwa da jariri cikin gidan sauro a bangon asibiti, tsintsiya da lema na 'yan siyasa. Na huɗu kuwa ba wanda ya sa a yi shi. Shi ne gawayin yara, da sunan majalisar samari, da sunayen ƙungiyoyin ƙwallon Turai, da gargaɗin nan na “ba a fitsari a nan” wanda wani lokaci har da tsinuwa a ƙarshensa. Kada ka raina wannan kashin. Shi ne ke gaya maka su wa ke zama a lungun da dare, da abin da ke damun mutanen unguwar.

Wani abu da zai taimake ka fahimta: da yawa daga malamanmu ba sa son zana hoton abu mai rai, kuma wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai a jikin gidaje. Shi ya sa a goshin zaure za ka ga sarƙaƙƙen zane da kayan amfani, ba fuskar mutum ba. Fuska da dabba sai a shago da bayan mota. Wannan rabuwa ita kanta abin lura ce, kuma in kana hira da dattawa ka san inda za ka taka.

Mataki na biyu: lokaci

Nan ne mutane suka fi yin asara. Adon da ya fito tudu-tudu inuwarsa ce ke nuna shi. In rana ta take, inuwar ta ɓace, sai bangon ya zama fili kawai, kai da ka zo da ƙarfe goma sha biyu ka ce ba ka ga komai ba. Haske ya zo ta gefe shi ake so. Saboda haka bangon da ke kallon gabas ka je masa da hantsi, daga bakwai zuwa tara. Wanda ke kallon yamma ka bari sai bayan la'asar. Wanda ke kallon kudu, a watannin sanyi rana na karkata ta wajensa, yana samun hasken gefe safe da yamma duka, shi ya fi sauƙin sha'ani. In ka rikice da gabas a cikin lungu, nemi masallacin unguwa ka dubi alƙiblarsa.

A shekara kuwa, ban ga kamar kaka ba, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya wanke ƙura daga bangaye, sama ta yi garau, hazo bai sauko ba. Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, tafiya da daɗi amma hazo na kashe launi, hoto ya fito fari-fari. Bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, zafin kan haura digiri 40, duk abin da za ka yi ka gama shi kafin goma. Akwai kuma ɗan lokaci mai kyau ana saura mako ɗaya ko biyu Sallah, lokacin da ake sabunta fenti a fada da gidajen masu sarauta. A nan za ka tarar da masu aikin a kan tsani, ka ga yadda ake yi da idonka. Ranar hawa kanta ba ranar kallon bango ba ce, dawaki da jama'a sun rufe komai. Haka ma Juma'a daga hantsi zuwa a sauko masallaci, ka bar wajen fada ya huta.

Mataki na uku: shiri da neman izini

Kayan ba su da yawa: takalmin da ba zai ci ƙafa ba, ruwa, waya mai cikakken caji, ɗan littafi da biro, ƙyallen goge gilashin kyamara, da canji a aljihu. Ka sa tufafin da za ka iya durƙusawa ka gaida babba da su. Ku fita ku biyu, ko uku in ya yi yawa, kuma ɗaya ya zama ɗan cikin gari wanda aka san gidansu. Zuga guda ta mutum goma da wayoyi a sama tana tayar da hankalin unguwa, musamman a wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar da baƙuwar fuska. Mata ma suna wannan yawo, har ma sun fi mu riba, domin su ana iya shigar da su cikin gida su ga adon ɗaka wanda namiji ba zai taɓa gani ba.

Izini shi ne rabin aikin. In za ka daɗe a unguwa, fara da gidan mai unguwa, ka faɗi sunanka da gidanku da abin da ya kawo ka. Sau da yawa zai haɗa ka da yaro ya raka ka, daga nan ƙofofi sun buɗe. In gida ɗaya ne ya ja hankalinka, kada ka ɗaga waya tukuna. Ka ƙarasa wurin wanda ke zaune a dakali, ka rage tsawo.

“Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa.”

“Wa alaikumus salam. Barka kadai, samari. Daga ina?”

“Daga Ƙofar Marusa nake, Baba. Adon zauren nan ne ya tsayar da ni. Na ce in an yarda in ɗauki hoton bangon, ban da mutane.”

Mafi yawan lokuta amsar ita ce bismilla, sannan a ɗora maka da labarin wanda ya gina soron da sarkin da ke kan gado a lokacin. In aka ce a'a, ka yi godiya ka wuce, ba jayayya. A fada kuma dogarai za ka fara gaisarwa, su za su faɗa maka inda aka yarda a ɗauka da inda ba a yarda ba.

Akwai wuraren da ko zanen ya kai me kyau ba a ɗaga musu waya: ofishin 'yan sanda, bariki, gidan yari, shingen jami'an tsaro, banki, gidan gwamnati. Haka nan duk ƙofar da aka rubuta “ba shiga”, ka tsaya ta inda hotonka ba zai leƙa tsakar gida ba. Mace na tahowa, sauke wayar har ta wuce.

Mataki na huɗu: hanyar da za ka bi a Katsina

Kada ka ce sai ka gama birnin a yini ɗaya. Ka raba shi fita biyu ko uku.

Fitar farko ta cikin gari ce, da safe. Fara daga filin Kangiwa, ka tsaya nesa ka ƙare wa ƙofar fada kallo, wato Gidan Korau. Nan ne za ka saba wa idonka da zanko da dagi da yadda ake jera launi, domin abin da ke fada shi masu hali ke kwaikwaya a gidajensu. Daga nan ka taka zuwa Hasumiyar Gobarau, wadda tarihin garin ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta kusan mita 15. Ita ba ado ne a jikinta ba, amma ka matsa kusa ka dubi yaɓen, ka ga yadda ginin ƙasa ke kauri a gindi yana tsukewa sama. Wanda bai san jikin bangon ƙasa ba ba zai gane adon da ke kansa ba.

Sai lunguna. Yarinci, Gambarawa, Masanawa, Marina, Albaba, Rafindadi, duk tsofaffin unguwanni ne da ya kamata a bi su a hankali. Ba zan ce maka ga gida kaza a lungu kaza ba, domin soron da ke tsaye bana, baɗi kana iya tarar da shaguna a wurin. Dabarar ita ce ka riƙa ɗaga kai. Ƙasan bango ya sha shafe-shafe da fastoci, amma sama da ƙofa, inda hannu ba ya kaiwa, a nan tsohon aiki ke saura. Ka kuma nemi gidajen masu sarauta da na tsofaffin attajirai da na malamai, su ne suka iya biyan magini ya ɓata kwanaki a kan fuskar zaure.

Ka rufe fitar da tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafukka, wadda aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938. Yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Ginin ƙasa ne, kuma ma'aikatan wurin sun san magina da masu gyaran irin wannan gini, tambaya ɗaya za ta iya haɗa ka da wanda zai yi maka bayanin abin da ka gani da safe.

Fita ta biyu ta ƙofofi ce da kasuwa, wannan kam sai da abin hawa tsakanin wuri da wuri. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, da Ƙofar 'Yanɗaka wadda Baturen mulkin mallaka Lugga ya shigo ta cikinta a 1903. Yawancinsu an sake gina su da siminti an yi musu ado irin na gargajiya. A ganina wasu sun yi kyau, wasu kuma an cika musu fenti har zanen ya rasa numfashi, amma kai ma ka je ka yanke naka hukuncin. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fitar shi ne shagunan da ke kewaye da ƙofofin, da bakin babbar kasuwa, da tashoshin mota, inda aikin masu fenti yake birjik.

Mataki na biyar: yadda ake karanta bango

Wannan shi ne zuciyar abin, saboda haka kada ka yi hanzari. In ka iso gaban bangon da ya burge ka, bar wayar a aljihu na ɗan lokaci.

Fara daga nesa, daga ɗaya gefen hanyar. Dubi inda aka sa adon da inda aka bari fili. Magini na ƙwarai ba ya cika ko'ina, yana tara ƙarfinsa a kewayen ƙofa, domin nan baƙo ke fara kallo. Duba ko dama da hagu sun yi daidai. Sau da yawa za ka ga sun kusa amma ba su zama ɗaya ba, alamar da ido da hannu aka yi, ba da ma'auni ba.

Sannan ka matso har ka iya taɓawa, amma kada ka taɓa, tsohon yaɓe na iya zubowa. A aikin ƙasa za ka ga sawun yatsu, wani lokaci har da guntun ciyawar da aka cuɗa ƙasar da ita. Gefen zanen a dunƙule yake, ba kaifi. A aikin siminti kuwa gefen a yanke yake tsaf. Ɗauki dagi guda ka bi layinsa da ido daga inda ya fara: ya hau, ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya sake fitowa. In gwani ne ya yi, hawa da nutsewar ba za su taɓa saɓawa ba har layin ya koma mafarinsa. In koyo ne, za ka kama inda ya rikice ya haɗe layi biyu ya wuce. Daga ranar da ka fara wannan bin layi, ba za ka ƙara yi wa dagi kallon abu ɗaya ba.

Bayan haka nemi inda bangon ya ɓantare. A nan shekarunsa suke a jere kamar ɓawon albasa: fentin mai a sama, ƙarƙashinsa farar ƙasa, ƙarƙashinta siminti, can ciki jar makuba. Wannan ɓantarewa tana kuma nuna maka ciwon da ke kashe gidajen nan. Siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. In aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya shiga ta tsaga ko ta indararon da ya toshe, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ciki, wata rana simintin ya saki gaba ɗaya ya faɗo da adon. Dubi gindin bango ma, inda ruwan kwata ke ci. In ka ga ya zaizaye ya yi rami, wannan gidan ka ɗauke shi hoto yau, kada ka ce sai wani zuwan.

Launi ma yana faɗin shekaru. Ranar ƙasar nan ja take fara ci, sai ka ga ja ya koma fari-fari alhali shuɗi da baƙi suna nan. A saman ƙofa kuma a kan rubuta shekarar da aka yi aikin, wani da lissafin Hijira, wani da na Miladiyya, wani da sunan mai gida da ajami. In ba ka iya karantawa ba, almajirin da ke wucewa zai karanta maka.

Kada ka manta da ƙyauren kansa. Za ka ga rubutun alli, layuka da lambobi da kwanan wata. Aikin masu rigakafin shan inna ne, da shi suke gane gidan da suka shiga da yaran da suka samu. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka a Agustan 2020, amma rigakafi bai tsaya ba, shi ya sa sabon alli ke hawa kan tsoho. Ga kuma lambar ƙidaya, ga ta masu wutar lantarki, wani gidan ga jan fenti na masu faɗaɗa hanya. Wannan na ƙarshen in ka gan shi, ka san kwanan bangon ya ƙare.

Mataki na shida: hoto da rubutu

Kowane bango hoto uku: ɗaya daga nesa da zai nuna gidan da lungunsa, ɗaya kana tsaye daidai gabansa ba karkace ba, ɗaya kuma na kusa ƙwarai. Goge gilashin kafin kowane ɗauka, ƙurar Katsina ba ta da kunya. Kada ka jawo hoto da yatsa, taka ka matsa. Kada ka kunna fitilar waya, tana kashe inuwar da ka fito nema. A littafinka ka rubuta unguwa, da kwanan wata, da inda bangon ke kallo, da abin da aka yi shi da shi, da duk abin da aka gaya maka. Bayan wata biyu ba za ka tuna wane soro ne na wace unguwa ba.

Yara za su biyo ka suna a ɗauke su. Ka yi musu wasa, amma kada ka fara rabon kuɗi, kuma kada ka sa fuskokinsu a Facebook. Haka sunan mai gida da kwatancen gidansa, ba a bazawa sai da yardarsa.

Mataki na bakwai: nemi mai zanen

Masu fentin kasuwa kan bar suna da lambar waya a kusurwar ƙasa ta aikinsu. Kira ɗaya, ka ce kana son zuwa ka ga yadda yake aiki. Za ka ga yadda yake ja layi da zare da alli ya raba bango gida-gida kafin ya fara, da yadda yake yanka baƙaƙe a jikin kwali ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya riƙa dangwala fenti ta cikinsu. Tambaye shi bambancin fentin mai da na ruwa a bangon da rana ke duka. Tambaye shi kuma wanda ya koya masa, a nan za ka ji sunayen da ba a rubuta a ko'ina ba. Sana'ar tana cikin matsi, domin ledar nan mai hoto da inji ke bugawa ta fi arha da sauri, ko da yake rana na cinye ta cikin ɗan lokaci. In kana da shago, ba shi aiki ya fi yabon baki. Ta ɓangaren magina kuwa, a tambaya maka gidan Sarkin Magina, ka je da ɗan goronka.

Daura

Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne ta Mashi. Ka yi sammako, ka kuma shirya dawowa kafin magariba. Tsohon garin a tattare yake, ana iya taka shi da ƙafa a safiya ɗaya. Fara da fada, ka gaida dogarai, in an ba ka dama ka shiga zaure ka ɗaga kai. Adon Daura mai ƙarfi a rufi yake, inda bakan gizo ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya, an bi su da zane da launi. Wanda ya ga wannan zai gane cewa adon waje somin-taɓi ne. Daga nan sai rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Unguwannin da ke tsakanin fada da rijiyar su ne wurin ɗaga kai.

In tafiyarka ta dace da Lahadi, ƙarasa Mai'aduwa, ranar kasuwarta ce. Manyan motocin da ke lodin shanu zuwa kudu suna jere, kuma a bayan masu bodin katako ne za ka ga zanen da ba a yi a bango: zaki, gaggafa, ɗawisu, masallaci mai hasumiya biyu, ɗan dambe ya naɗe hannu, a sama kuma an rubuta “Allah ya kiyaye” ko “Duniya labari”. Nemi direba ko yaron mota kafin ka ɗauka. Su kam murna suke yi, har su gyara maka tsayuwa. Lokacin Sallar Gani kuma garin cika yake maƙil, ka je don dawaki, ka bar bango sai wani zuwan.

In tafiya ta kai ka bakin teku

Idon da ka horar a gida zai yi maka aiki a can, sai dai abubuwa biyu sun bambanta. Na farko, a garuruwan bakin teku ba rana da ƙura ne abokan gābar zane ba, iska mai gishiri ce da danshi. Fenti na kumbura ya saɓule, gansakuka ta hau gindin bango, tsatsar ƙarfe ta zubo ta ɓata fuskar zane. Saboda haka zane ba ya daɗewa, wanda aka nuna maka a waya bara wataƙila an shafe shi an yi wani. Na biyu, yawancin manyan zanukan can da fentin feshi ake yin su, a lokacin bukukuwan da ake gayyato masu zane daga ƙasashe, kowa ya sa hannu a aikinsa.

Wanda ya fi kusa da hanyar fataken Katsina shi ne Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Katangar tashar jiragen ruwa da ke kan titin Marina an cika ta da zane mai tsawon ɗaruruwan mitoci, aikin masu bikin Effet Graff, kuma tarihin ƙasar ne a jiki, har da sarakunan Dahomey da mayaƙansu mata. A kan titin ne kuma mutum-mutumin mayaƙiyar nan mai tsawon mita 30 yake, wanda aka buɗe a 2022. Daga Zongo ka hau ɗan acaɓa mai rigar ruwan ɗorawa ya sauke ka a farkon katangar, ka taka da ƙafa da sassafe kafin manyan motoci su cika hanya. Bango kawai za ka ɗauka. Ƙofofin tashar da fadar shugaban ƙasa da ke kan wannan titi, kada wayarka ta kalle su.

A Ankara ta ƙasar Gana, unguwar masunta ta Jamestown ce wurin zuwa, inda aka fara bikin zane-zanen titi na Chale Wote a 2011, wanda galibi a watan Agusta ake yinsa, kuma Hausawan Nima da Sabon Zango za su nuna maka hanya. Mai zuwa Umara kuma in ya samu yini a Jidda, gefen tekun garin cike yake da sassaƙe-sassaƙen da aka kafa a fili tun shekarun 1970 da 1980, zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi. Tsohuwar unguwar Balad, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, adonta a jikin tagogin katako yake. Can ma bayan la'asar ake zuwa, lokacin da zafi ya sauka aka fara buɗe shaguna.